Tsakanin Shafa da Shafe

Zuwa ga ɗiyata Rukayya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar uba ga autarsa. Allah Ya sa kin sauka Birnin Kebbi lafiya, Ya tsare ki a hanya da masauki, Ya haɗa ki da abokan aiki masu tsoron Sa. Innarki ta ce in sa gaisuwarta a ciki, ko da yake ita ta riga ta faɗa miki nata a ɗaki, ta kuma cika miki jaka da kuka da daddawa kamar mai tafiya ƙasar da ba a miya.

Ni kin san ban iya nasiha ido da ido ba. In na buɗe baki sai in ƙare da tambayarki ko kin ɗauki cajar waya. Shi ya sa na zauna na rubuta, na tura takardar a aljihun jakarki. Ki bari sai kin huta ki karanta.

Tun ranar da gidan rediyo ya ɗauke ki aikin fassara labarai daga Turanci zuwa Hausa, mutane ke tare ni a ƙofar masallaci suna mini barka. Ina amsawa, ina murna, amma akwai abin da ya tsaya mini a rai. Aikin nan da za ki shiga na taɓa yin irinsa, ba a ɗaki mai sanyi ba, a bakin ruga, gaban mutanen da za su tashi su aikata abin da suka ji daga bakina. Ke kin taso kin gan ni malamin dabbobi, amma da tafinta na fara. Kin sha jin yayyenki suna tsokanata da "Baba, shafi ko shafe?" kuna dariya. Guntun labarin kuka sani. Yau zan ba ki shi duka, don na ƙudura a raina ba za ki sayi wannan darasi da tsadar da na saye shi ba.

Lokacin ina saurayi, ban daɗe da barin makaranta ba, Bagudo na ƙarƙashin Sakkwato. Aka turo mana likitan dabbobi daga kudu, Dakta Okon, mutum mai ƙwazo da saurin magana, wanda ba ya jin Hausa ko ta neman ruwan sha. Aka haɗa ni da shi in riƙa bin sa ina juya magana. Ina ji da kaina sosai a lokacin. Ga biro a aljihun gaba, ga keke, kuma duk unguwarmu ba wanda ya kai ni Turanci.

A shekarar ne ciwon bushiya ya ɓullo. Ke ba ki san shi ba. Saniya za ta kama zazzaɓi, ido da hanci su yi ta zuba, baki ya yi gyambo, sai zawo, sai ta kwanta ba ta ƙara tashi. In ya kama ba shi da magani. Allurar riga-kafi ce kawai, ita ma sai ga dabbar da bai riga ya taɓa ba. Labarinsa ya iso mana daga gabas, ruwan allurar kuwa bai iso daga Sakkwato ba. Aikinmu shi ne mu zagaya rugage mu roƙi makiyaya su dakata, kada su tashi, kada su haɗa shanunsu da baƙin shanu a mashaya, har allura ta zo.

Muka ƙetare kogin Kwara muka je rugar Arɗo Buba, ta wajen Kaoje. Dattijo ne dogo, marar yawan magana, mai garken da in ya doshi mashaya dole ka sauka daga keke ka nemi inuwa ka jira ya gama wucewa. Kaka ta wuce, ciyawa ta fara ƙarewa, yana shirin tashi zuwa ƙetaren iyaka, ƙasar Benin, wadda tsofaffi ke kira Faranshi, inda ya saba kai shanunsa kowane rani. Aka shimfiɗa mana tabarma ƙarƙashin wata ɗorawa, aka kawo nono, mazan ruga suka kewaye mu. Arɗo yana jin Hausa kamar ni, don haka da Hausa nake juya masa.

Dakta ya yi bayani, ina bi. Da ya zo ƙarshe sai ya matso, ya nuna garken da hannu, ya ce mini, "Tell him this disease will wipe out his herd."

Na san kalmar wipe. Tun a firamare malami ke miƙo mini tsumma ya ce in goge allo da ita. Ita kuwa out na san ta da waje, ban ga abin da ya kawo ta nan ba, sai na yar da ita kamar ƙaiƙayi. Na ce a raina wipe ai shafawa ce. Na juya na ce, "Arɗo, likita ya ce in ba ku jira allura ba, cutar nan za ta shafi garkenku."

Arɗo ya yi ɗan murmushi. Ya ce, "Malam, wace shekara ce cuta ba ta shafi shanu ba? Ciwon hanta na shafar su, na kofato na shafar su. Yunwa ma in mun zauna nan za ta shafe su, ita kam ba ta jiran allura." Sai ya dubi Dakta, ya dawo da ido kaina. "Abin da yac ce ke nan duka? Don na ga idonshi ya hi bakinka zahi."

Rukayya, nan ne ƙofar ta buɗe mini ban shiga ba. Da na juya na ce wa Dakta ban gane ba, ya sake faɗa mini da wata kalma, da magana ta ƙare. Amma ga mazan ruga suna kallon mai biro a aljihu. Na ce, "Ke nan duka, Arɗo."

Ya ce to, ya gode, Allah shi kiyaye. Bayan 'yan kwanaki suka ɗaure kaya a kan bijimai suka tashi.

Ga abin da ban sani ba ranar. Turawa suna da wata ɗabi'a ta ɗaukar aikatau su manna masa wata 'yar kalma a baya, sai ma'anar ta tashi daga inda ka san ta. Ita wannan out da na yar, ita ce ke ɗauke da nauyin maganar. Kuma abin da ya fi ba ni haushi har yau, mu ma muna da irinta a Hausa, tun ina goye nake jin ta. Wanda ya ci tuwo daban, wanda ya cinye daban. An sha ruwa, an shanye ruwa. An ɗebi hatsi, an kwashe hatsi. To haka wipe da wipe out suke. Ta farko shafa ce, ta biyu shafewa, a hallaka abu ƙarƙaf har ba a ga inda ya zauna ba. Da na ce "za ta shafe garkenku", da na faɗi abin da likita ya faɗa. Wasali ɗaya ne tsakaninsu.

Don haka in kin ga aikatau na Turanci da wutsiya a bayansa, kada ki yanke wutsiyar. Ki ɗauke su tare, ki duba ƙamus, in ba ki gamsu ba ki tashi ki tambayi wanda ya riga ki a aikin. Za a sami mai yi miki dariya. Ki bar shi ya yi. Dariyar ofis ba ta kai la'asar, ni kuwa abin da na guje wa ranar bai fi ta ba. Wani abu kuma, tunda da murya za ki yi aiki: in kin ce "ta shafe su", a rubuce ba bambanci tsakanin ta taɓa su da ta ƙare da su, karin sauti ne kawai ke raba su, shi kuwa rediyon ƙauye da batirinsa ya yi sanyi ba ya riƙe kari. In hallaka kike nufi, ki ƙara "kakaf" ko "baki ɗaya". In taɓawa ce, ki nemi wata kalmar.

Ba a daɗe ba, ran kasuwar Bagudo, wani dillalin shanu ya tare ni ya ce, "Ka ji abin da ya sami Arɗo Buba can Faranshi? Bushiya ta faɗa mishi. An ce ba abin da ya rage." Na koma ofis na tarar da Dakta yana ɓarar gyaɗa a kan tebur, ga akwatin ƙanƙara a gefe, ruwan allura ya iso da safiyar nan. Na faɗa masa da Turancina. Ya dafe kai, ya yi ta nanata cewa ai ya gaya wa Arɗo, ya gaya masa. Sai na ji ya sake faɗin kalmar nan, da wutsiyarta.

Wannan karon ba kowa a ɗakin sai mu biyu, don haka na tambaya. Dakta ya dube ni. Sai ya sa tafin hannu ya shafa teburin a hankali ta gefen ɓawon gyaɗar, ya ce, "Wipe." Ya sa damtse ya share ɓawon gaba ɗaya ya watse a ƙasa, tebur ya koma fayau, ya ce, "Wipe out." Ya tambaye ni me na faɗa wa Arɗo ranar. Na gaya masa. Bai zage ni ba. Ya tashi ya tsaya bakin taga ya ba ni baya, ni kuwa na gwammace ya zage ni.

Da ya juyo sai ya tambaya ko akwai sauran shanu a garken, don ruwan allurar kaɗan ne, dole ya san inda zai kai shi. Nan na sake yin wani kuskuren, tun na farkon bai huce ba. Ga sabuwar kalma a bakina, ga ni ina son in nuna na gane ta. Na ce, "No sir. Wiped out." Ban gani da idona ba. Dillali ne ya ce an ce. Dakta ya gyaɗa kai, ya ce to gobe sai mu nufi Geza da Lafagu.

Allah Ya taimake ni da Inna Dije, yayar Arɗo, wadda tsufa ya hana ta bin su ƙetare. Da yammacin ranar ta iso ofis tana dogara sanda, ta biyo masu zuwa cin kasuwa ta haye ruwa. Ta zauna a dakali ta ce, "Ɗana, an ce ruwan allura ya zo. Buba ya aiko. Da ciwon ya fara, ya ware karsana da maruƙa ya tura su wani rafi daban. Su har yanzu ba wadda ta kwanta. Ku taimaka, kada gidanmu ya rasa iri."

Kin ga abin da na kusa yi? Da farko na rage wa kalma nauyi, garke ya tafi. Yanzu na ɗora mata nauyin da ba nata ba, na kusa binne na raye tare da matattu. Kalmar nan ba ta barin saura, ɗiyata. In kin ce an shafe abu, kin ce wa mai taimako ya juya ya koma gida, ba wanda zai tarar. Shi ya sa su kansu masu harshen suke sa mata almost a gaba in akwai abin da ya tsira, wato saura kaɗan, ya kusa. Za ki ga wannan kowace damina in Kwara ta cika ta hau gonakin shinkafa. Wani zai rubuto cewa ambaliya ta shafe ƙauye. Kafin ki karanta, ki tambaya: gonaki ne ko gidaje, ko mutane? Duka ne ko rabi? Wa ya gani? Akwai ɗan ƙauyen nan da ke dako a Legas da rediyo a kunne, uwarsa na cikin ƙauyen.

Na shiga na sami Dakta na ce masa na yi ƙarin gishiri, akwai saura. Ya ce ba shi da izinin ƙetare iyaka da mota da maganin gwamnati, kuma ƙanƙara ba za ta jira mu ba. Amma in ya gama da Geza da Lafagu zai biyo ta Tsamiya, garin da ke bakin iyaka, ran kasuwarta. In an kawo shanun da aka ware, aka tsayar da su nesa da na kowa, zai duba su, masu lafiya ya yi musu allura. Sai dai wa zai je ya faɗa wa Arɗo? Na ce ni. Ya ce in bari a aiki wani, mai yiwuwa ba za su so ganina ba. Na ce bakina ne ya kai su can, shi zai je ya dawo da su.

Kakanki bai so ba. Ya ce mutumin da ya rasa dukiya ba a san abin da zai yi ba. Na ce masa in na zauna, ba zan ƙara iya duban saniya ba, balle mai ita. Daga ƙarshe ya ce in tafi da goro.

Na haye Kwara da kekena a jirgin fito, na bi ta Kaoje na kai Tsamiya, na shiga Benin ta hanyar da 'yan kasuwa ke bi. Ban sha wahalar neman su ba. Ungulaye ne suka nuna mini hanya, daga baya wari ya karɓa. Ba zan zana miki abin da na gani ba sai kaɗan. Fararen shanun nan da nake sauka daga keke in ba su hanya, ga su kwance a ko'ina cikin ciyawar da aka zo nema, ciyawa har gwiwa ba mai ci. Ungulaye sun ƙoshi har ba sa tashi in ka matso. Mata sun kife ƙoren nono a kan rumfa.

Na sami Arɗo zaune a gindin wata bishiya, sandarsa a kan cinya. Ya rame har na kusa wuce shi. Na yi sallama na durƙusa, na ajiye goro. Ya amsa, ya dube ni, ya ce, "A'a. Mai shafa ne."

Na ce, "Ni ne, Arɗo. Abin da likita ya faɗa ranar nan ba shi na faɗa maka ba. Cewa ya yi za ta shafe garken kakaf. Ni ne ban gane ba, kuma da ka tambaye ni na ji kunyar in ce ban gane ba."

Mazan ruga sun fara taruwa. Wani ƙaninsa mai suna Jaɓɓi ya matso yana huci, Arɗo ya ɗaga masa hannu. Sannan ya ce mini, "Da ka hwaɗi hakanan, wataƙila da na zauna. Wataƙila kuma da na tahi, don ni ma ina da taurin kai. Allah kaɗai Ya sani. Abin da ya wuce ya wuce. Mi ya kawo ka?"

Na ce allura ta zo, likita zai jira a Tsamiya ran kasuwa, a kai waɗanda aka ware. Kuma don in ƙarfafa musu gwiwa, sai na ƙara da wata magana da na ji Dakta yana yawan faɗa. Na ce, "Likita ya ce wannan karon gwamnati ta ɗaura niyya, sai an shafe ta kakaf."

Wurin ya hargitse. Ashe tuni jita-jita ta zagaya rugage cewa duk garken da ciwon ya shiga, hukuma na harbe sauran ta ƙone. Jaɓɓi ya ce, "Kun ji ko! Abin da cuta ta bari su za su ƙarasa. Dukiyar tamu za su shafe!" Wasu har sun juya za su je su kora karsanan su ƙara nutsawa daji.

Arɗo ya buga sanda a ƙasa. Ya ce, "Malam, a shafe wa? Kira sunan abin."

Na ce, "Cutar, Arɗo. Bushiya za a shafe, ba shanu ba. Ba wanda zai taɓa saniya da wuƙa ko bindiga. Allura ce, sai alama a kunne."

Ya ce, "To ka riƙa kiran suna. Mutumin da ya kwana cikin mushe, in ka ce 'ta', dukiyarshi yake ji."

Wannan na riƙe shi har na yi ritaya, ke ma ki riƙe. Kalmar nan wuƙa ce, tana yanka duk abin da aka ɗora ta a kai. Cuta na shafe garke, allura na shafe cuta. Gobara na shafe kasuwa, fari na shafe amfanin gona. Alheri ne ko masifa, ya danganta ga wa ya shafe wa. Turanci kuma yana son raba ta biyu ya cusa wakilin suna a tsakiya, ya ce wipe them out, sai ki nemi su waye "them" ɗin ki rasa. Kada ki wuce wurin nan sai kin gano su, kin kira su da sunansu. Kin san zamanin da muke ciki. Kin san abin da ke yawo a wayoyin mutane duk lokacin da aka kai hari wani ƙauye, ko shanu suka shiga gona aka yi rigima. Wani babba zai tsaya gaban makirufo cikin fushi ya ce za a shafe su. In 'yan bindiga yake nufi, ki ce 'yan bindiga. Kada ki bar "su" tana yawo ba mai ita, don akwai wanda zai ɗauke ta ya liƙa wa maƙwabcinsa saboda harshensa ko sana'arsa. Ki kuma faɗi wanda ya yi maganar, kada ta fito kamar daga bakinki. In kuwa wata al'umma sukutum yake nufi, ki ajiye takardar ki je ki sami shugabanki, ki ce ba za ki karanta ba sai an zauna an duba. Ko aikin ne zai tafi, ki dawo gida, akwai tuwo.

Jaɓɓi bai yarda ba duk da haka. Ya ce bakin da ya yi kuskure sau ɗaya me zai hana shi na biyu. Ban ga laifinsa ba. Na ce to ga kekena na bar shi a ruga, ni zan bi shanun da ƙafa tare da su har Tsamiya, in tsaya a tsakiyarsu. In aka fito da bindiga, ga ni a hannunsu. Arɗo ya miƙe da ƙyar ya ce a koro karsanan. Ya ce mini, "Ba don na yarda da bakinka ba. Bakinka ya gaza. Amma ƙafarka ta zo."

Muka taho ta daji, muna kauce wa mashaya da duk inda muka hango wasu shanu. Ban saba ba, takalmina ya tsinke, ƙaya ta yi mini kaca-kaca, ba wanda ya ce mini sannu, ni ma ban nema ba. Muka iso bayan garin Tsamiya ran kasuwa rana ta take. Na hango farar motar a gindin wata bishiya. Dakta ya cika alkawari, ya rage mana ruwan allura, ƙanƙarar ta kusa narkewa. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana buɗe baki yana duba ido. Ya fitar da 'yan kaɗan da ya ga alama a jikinsu ya ce a nisanta su, sauran muka kama muka yi musu. Jaɓɓi da kansa ya riƙa kayar da su, idonsa na kan hannun likita har aka gama.

Da muka ƙare, Dakta ya zube a gindin motar, rigarsa sharkaf, ya ce, "I am wiped out." Na zabura na ce me ya same shi. Ya yi dariya har da tari, ya ce gajiya yake nufi, ya gaji liƙis, haka suke faɗa in aiki ya tatse mutum. Ranar ce na fara jin dariyarsa tun da abin ya faru. Ki sa wannan ma a kunne, don kada wata rana ɗan ƙwallo ya ce ya gaji ki sanar da rasuwarsa.

Waɗanda aka fitar sun mutu. Sauran sun rayu, suka haihu. Arɗo bai sake tara garke irin na da ba har ya koma ga Allah, kuma ba zan ce miki mun zama aminai ba. Yana amsa gaisuwata, yana aiko wa kakarki man shanu da salla, amma duk lokacin da na juya masa maganar wani jami'i sai ya ce, "Sake tambayarshi." Nakan sake, ba na jin haushi. Shekaru da yawa bayan haka, kina 'yar firamare, na ji a rediyo an ce an shafe ciwon bushiya daga doron ƙasa, ba sauran inda yake. Mai karanta labarin ya faɗe shi daidai, ya kira sunan cutar. Na hau babur na je na faɗa wa Jaɓɓi, wanda shi ne Arɗo a lokacin. Ya ce ya riga ya ji, rediyonsa na rataye a kafaɗa.

Irinsu ne masu sauraronki, Rukayya. Ba su ga takardar Turancin ba, ba za su taɓa ganinta ba. Abin da kika faɗa shi ne abin da aka faɗa. Da shi mai shanu zai yanke ya tashi ko ya zauna, mai shinkafa ya girbe da wuri ko ya jira, mai ɗa a nesa ya kwantar da hankali ko ya kama hanya. Za a matsa miki da cewa lokaci ya ƙure, a miƙo miki takarda ana saura ƙiris a buɗe makirufo. Ki tsaya da ƙafarki. In ba ki gane ba ki ce ba ki gane ba, da ƙarfi, gaban kowa. In kin yi kuskure, kuma za ki yi, don ba mai aiki da harshe da bai taɓa tuntuɓe ba, kada ki jira a manta. Ki koma gaban makirufon nan da kika yi shi ki gyara da bakinki, ko da kunya za ta kashe ki. Ba ta kisa, ni shaida ne.

Sauran abubuwan innarki ta faɗa miki, ta fi ni iya su. Ki riƙe salla a kan lokaci. Ki gai da na gaba da ke, ki kyautata wa na ƙasa. Ki ci abinci, don mai jin yunwa ba ya karatu da natsuwa.

Allah Ya tsare ki daga sharrin hanya da sharrin mutane da sharrin harshenki. Ya sa gaskiya ta yi miki sauƙin faɗa, Ya ba ki ƙarfin zuciyar tambaya. Ya kai ki lafiya, Ya zaunar da ke lafiya, Ya dawo mana da ke lafiya. Na sayi sabon batir. Ranar da za ki fara karanta labarai ki aiko mini tun da safe, zan fito da rediyo ƙofar gida in kira maƙwabta.

Wassalam.

Mahaifinki,
daga Bagudo.